Tarar dubu biyar a kan zuba shara a kwata: ina za mu kai ta?

Malam Sani (Admin): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kansilanmu ya turo mini takardar ƙudurin da ya gabatar a majalisar kansiloli a kan shara. Doguwa ce, amma gundarinta abu uku ne. Duk wanda aka kama yana zuba shara a kwata ko a bakin titi zai biya tarar naira dubu biyar. Za a yi wa masu kwasar shara da baro da kura rajista, a ba su riga da lamba. Kowane gida zai riƙa ba da naira ɗari biyar a wata. Ya ce yana son jin ra'ayinmu kafin a koma zama. Don Allah ban da zagi, ban da maganar jam'iyya.

Maman Walida: Wa alaikumus salam. Malam Sani, ni tambaya ɗaya gare ni. In ban zuba a kwata ba, ina zan kai? Ba wai ina zubawa ba ne, kar a fahimce ni a baibai. Amma bolar da muke kaiwa tun ina amarya yanzu shaguna ne guda shida a wurin.

Auwalu Mile 12: Honorabul ya kyauta. Mutanenmu ba sa jin magana sai da bulala. Ku zo Legas ku gani, gida-gida mota ke bi, ana kawo maka takardar biya kamar ta wuta.

Habu Mai Shayi: Auwalu ka bari. Legas ɗin da in an yi ruwa mota ke iyo?

Baba Tsohon Duba-gari: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na yi aikin duba-gari sama da shekara talatin, don haka maganar tara ba baƙuwa ba ce a wurina. A da muna shiga gida da sallama, mu leƙa randa da tocila ko akwai 'ya'yan sauro, mu duba masai, mu duba makwarara. In mun ga ƙazanta mu rubuta sammaci. Mata suna jin an ce ga duba-gari nan za ka ji ƙarar tsintsiya ta ko'ina. Lokacin Buhari da Idiyagbon, a 1985, a nan Kano aka ƙaddamar da sashen tsaftar muhalli na yaƙi da rashin ɗa'a, har aka sa kyautar naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. To amma abin da yara ba su sani ba, a lokacin kowace unguwa tana da jujinta da kowa ya sani. Ba mu taɓa cin tarar mutum ba sai da muka iya nuna masa da yatsa mu ce ga inda ya kamata ka kai. Yanzu da wane yatsa za a nuna?

Maman Walida: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da ke raina ke nan ka faɗa.

Kwamared Nazifi: Ni fa tun farko ban ga abin da ya haɗa kansila da shara ba. Ba aikin REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, ba ne? Gwamnatin jiha ce ke da motoci, ita ke da feloda. Kansilan da ko ofis mai fanka ba shi da shi. Neman suna ne kawai saboda zaɓe.

Barista Hauwa: Kwamared, a nan kam ka kauce. Kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na huɗu, shi ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai bandakunan jama'a da zubar da shara da ruwan ƙazanta, tare da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu. Asalin aikin nasu ne. Jihohi ne suka kafa hukumomi suka karɓi aikin a manyan birane, Kano ta yi REMASAB, Legas ta yi LAWMA, saboda birni ɗaya ya ratsa ƙananan hukumomi da yawa. Ku duba namu: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso, Ungogo, takwas ke nan, kuma kwatar da ta taso daga wannan a waccan take ƙarewa. Amma hakan bai cire wa kansila haƙƙin kawo dokar ƙaramar hukuma ba. Aikinsa ma ke nan: ya yi doka, ya duba kasafin kuɗi, ya tambayi ciyaman ina kuɗin ya tafi. Mu ne muka mayar da kansila mai biyan kuɗin suna da kuɗin asibiti.

Habu Mai Shayi: Barista kar ki tona mana asiri, ni ma ya taɓa saya mini buhun sukari.

Kwamared Nazifi: Na ji, na karɓi gyara. Amma da wane kuɗin? Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci daban, gani a ƙasa daban.

Barista Hauwa: Wannan kuma muhawara ce mai zaman kanta, in muka shige ta sai asuba.

Injiniya Bashir: Bari in sa baki ta fannin da na sani. Mutane suna ɗauka matsalar shara ita ce kwasowa daga gida. Wannan ne ma mai sauƙi, yara suna yi da baro kullum. Tsadar tana tsakanin inda aka tara da inda za a zubar a bayan gari. Tifa ɗaya sai ta sha dizal zuwa da dawowa, ga feloda mai lodi, ga direba, ga taya, ga gyara, kuma dizal ya daɗe da haura naira dubu a lita. Sannan sharar Kano ba irin ta Turai ba ce da takarda da kwali suka fi yawa. Tamu nauyi gare ta: ƙasar da aka share daga tsakar gida, toka, kashin awaki, ɓawon kayan miya. Shi ya sa motar nan mai matse shara da ake sayowa da tsada ba ta jimawa, yashi ke cinye mata ƙarfe, kuma ba ta iya shiga lungunanmu ko da an so. Don haka ina tambayar Honorabul, ɗari biyar ɗin nan ta gida-gida, ta yaron baro ce ko ta dizal ce? In ta yaron baro ce, ai muna biya tuntuni. In ta dizal ce, a nuna mana lissafi.

Maman Walida: Wallahi muna biya. Almajirin da ke mana aiki naira ɗari nake ba shi duk ɗauka, sau uku a sati. Ku lissafa, ya fi ɗari biyar ɗin nesa ba kusa ba. Rannan na bi shi da ido ta taga, sai na ga ya sha kwana ya juye buhun a bayan katangar makarantar firamare, ya karkaɗe ya dawo da shi a naɗe. Na kira shi zan yi faɗa, ya ce Mama, in na je waccan bolar ta bakin titi sai na wuce awa ɗaya, malam zai dake ni. Me zan ce masa? Yaro ne bai fi shekara goma ba. To in an zo kamu, shi za a ci tara ko ni?

Malama Rabi: Innalillahi. Ashe ke ce, Maman Walida! Ni nake koyarwa a ajin da ke jikin katangar nan. Da zafi ba ma iya buɗe taga saboda wari da ƙudaje, in kuma wani ya cinna wa tsibin wuta sai mu fito da yara gindin darbejiya. Akwai yarinya mai asma da sai da muka kira uwarta sau biyu a zangon da ya wuce.

Maman Walida: Ki yafe ni Malama, wallahi ba da sanina ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce, layin nan gaba ɗaya can ake kaiwa.

Malama Rabi: Na sani, wasa nake miki. Famfas ɗin da ke wurin ba na gida ɗaya ba ne.

Auwalu Mile 12: Shi ya sa na ce doka. A Legas tun Janairun 2024 aka hana robar tekawe ɗin nan fara mai kumfa, masu abinci suka yi ta ihu, yanzu sun saba. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Kigali, babban birnin Ruwanda, ko ɓawon alawa ba ka gani a titi, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata kowa sai ya fito aikin gayya. Mu ma muna da Asabar ɗin ƙarshen wata, ƙarfe bakwai zuwa goma, amma barci muke yi.

Ɗan Maraɗi: Auwalu, sannu da ƙoƙari. Mu a Nijar an yi dokar hana shigo da leda da sayar da ita tun 2014. Ka zo kasuwar Maraɗi ka sayi tumatir na dala ashirin, wato sefa ɗari, ka ga a cikin me za a ƙulla maka. In iska ta taso, itatuwan ƙaya na bayan gari kamar an yi musu ado da baƙaƙen tutoci. Rubuta doka ba wuya, takarda ba ta gardama.

Habu Mai Shayi: In aka hana leda ni a me zan ƙulla wa mutane shayi? A hula?

Sale Mahauci: Ku kuna maganar leda a titi, ni a cikin tumbi nake ganinta. Kafin Babbar Sallah wata baiwar Allah ta kawo mini tunkiya, ta ce tana ci amma kullum ramewa take, cikin kuma ya kumbura kamar mai juna biyu. Da muka yanka, abin da na zaro daga tumbinta ya cika bokitin fenti. Ledar fiya wata, baƙar leda, igiyar buhu, duk sun murɗe sun zama dunƙule ɗaya mai tauri kamar tufkar igiya, da ƙyar wuƙa ta shiga. Matar nan ta tsaya tana kallo, sai hawaye. Jarinta ke nan na shekara. Wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, duk dabbar da ke kiwo a bola sai ka samu ko kaɗan ne.

Alhaji Manomi: Sale ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Iyayenmu da jakai suke shigowa birni da rani, su kawo itace su koma da taki a mangala. Sharar birnin Kano ita ta riƙe gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ana nomawa ba hutu. Har yanzu muna saye, sai dai yanzu tifa muke biya ta juye mana a gona. Amma takin yanzu rabinsa leda ce da fasasshiyar kwalba da batir, har da allurar asibiti na taɓa tsinta. Sai na ɗauki yara kwana biyu suna tsincewa kafin a baza. In Honorabul zai sa a raba tun daga gida, toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida gefe guda, leda da roba gefe guda, ni da kaina zan turo mota in kwashe, kuma in biya. Da buhun takin zamani ya kai inda ya kai, ba ni kaɗai zan zo ba.

Injiniya Bashir: Alhaji, ka ga wannan ita ce magana. Abin da ya fi nauyi a sharar shi ne abin da kake nema. In manomi ya ɗauke shi da dizal ɗinsa, abin da ya rage wa hukuma bai taka kara ya karya ba.

Oga Sabo Gwangwan: Tun ɗazu ina karantawa ina shiru. Sauran da kuke cewa, mu ne muke ɗauke shi, amma ba wanda ya ambace mu sai in an sace murfin kwalbati. Ina da yara goma sha huɗu da ke fita da buhu da ƙugiya tun asuba. Ƙarfe, alminiyam, robar lemo, tsohon silifa, ledar fiya wata, duk a sikeli nake saye, in tara in kai wa masu injin niƙa, su kuma su sayar wa kamfanonin roba. Butar da kuke alwala da ita, wataƙila jiya a bola take. Maganar rajista ni ba na ƙi, gara ma a ba yarana lamba a san na ƙwarai da ɓata-gari. Abin da nake tsoro shi ne rajista ta zama hanyar karɓar kuɗi, yau kuɗin riga, gobe kuɗin kati, jibi a ce an hana gaba ɗaya kamar yadda aka yi wa 'yan bola a Abuja.

Kwamared Nazifi: Oga Sabo, da girmanka, amma wayar wutar layinmu ba aljani ne ya kwance ta ba.

Oga Sabo Gwangwan: Ban ce duk waliyyai ne ba Kwamared. Ko a cikin 'yan gwagwarmaya akwai masu karɓar ambulan.

Malam Sani (Admin): A'a, a'a. Mun ce ban da haka. Ga Honorabul nan ya shigo, a ba shi dama.

Kansila: Assalamu alaikum. Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Iyayena mata da yayyena, na karanta komai tun daga sama. Bari in fara da abin da ya tunzura ni. Daminar bara, daren da aka yi ruwan nan mai yawa, ƙarfe biyu aka buga mini ƙofa. Kwalbatin bakin masallaci ya toshe, ruwa ya juyo cikin gidaje, katangar ƙasa ta faɗi a gida biyu, Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Da gari ya waye muka shiga da shebur da manjagara. Abin da muka fito da shi: katifa guda, tayar babur, buhunan shara a ɗaure da bakinsu, da robar lemo da ba ta ƙirguwa. Buhu a ɗaure ba iska ce ta kawo shi ba. Akwai masu jiran hadari ya haɗu su fito da shara su miƙa wa ruwa, kun sani na sani. Tarar saboda su ce.

Amma maganar Baba da ta Maman Walida gaskiya ce, kuma ita ta fi ba ni wahala. Na zaga mazaɓar nan da masu unguwanni muna neman fili uku da za a ajiye kwandon ƙarfe. Tsofaffin jujin an yanka an sayar, kududdufan an cike an gina. Inda muka samu kuma, kowa yana son wurin zuba shara amma ba a ƙofar gidansa ba. Wani dattijo ya ce mini in na ajiye a kusa da shi, shi da ni sai a gaban alƙali.

Injiniya, ɗari biyar ɗin ta dizal ce da hayar tifa sau biyu a sati. Lissafin yana wurina, zan turo hotonsa.

Barista Hauwa: Honorabul, dattijon nan yana da hujja. Ya ga yadda ake ajiye kwando, a kwashe sati biyu, daga nan a manta, kwandon ya nutse a cikin tsibi. A 2021 an miƙa sharar birnin nan ga kamfani mai zaman kansa da alƙawura masu daɗi, ba a je ko'ina ba aka warware yarjejeniyar. Mutane ba su manta ba. Shawarata a rubuta a cikin dokar kanta cewa tara ba za ta fara aiki a unguwa ba sai an samar da wurin zubawa a unguwar, kuma in aka yi kwana bakwai ba a kwashe ba, tara ta tsaya har sai an kwashe. Dokar ta ɗaure hukuma kamar yadda ta ɗaure mu. Sannan tarar ta hau kan mai gida, ba yaron da aka aika ba. Kuma kar a ba 'yan kwamiti damar karɓar kuɗi a hannu, a kai gaban kotun tafi-da-gidanka, a ba da rasit.

Kansila: Barista, na biyu da na uku na karɓa yanzu. Na farkon ne zan sha fama, don ciyaman zai ce na ɗaure masa hannu da motar da ba tasa ba. Amma zan kai.

Kwamared Nazifi: Kuɗin fa, a asusun wa za su zauna? Kar mu ji an ce ɗan'uwan wani ne ma'aji.

Kansila: Asusun banki na kwamitin unguwa, sa hannun mutum uku: mai unguwa, mace ɗaya, da wanda zaure ya zaɓa. Ni ba na ciki. In kana so Kwamared, kai ne na ukun.

Habu Mai Shayi: An kama Kwamared! Karɓi mana.

Kwamared Nazifi: Zan yi shawara.

Baba Tsohon Duba-gari: Ɗana Kansila, ka je wurin dattijon nan da ni, tare muka yi makarantar allo. Amma kar ka je masa da takarda. Ka je da direban tifar, ya gan shi ido da ido, a faɗa masa ranakun zuwa. Kuma ka fara da wuri ɗaya, ba uku ba. In ya ga wata biyu ana kwashewa, sauran unguwannin da kansu za su zo neman nasu.

Malama Rabi: In wuri ɗaya ne, don girman Allah a fara da kwashe na bayan makaranta kafin ruwa ya sauka.

Alhaji Manomi: Wancan tsibin ya shekara nawa?

Malama Rabi: Ya fi uku.

Alhaji Manomi: To ƙasansa ya riga ya ruɓe, taki ne mai kyau. Oga Sabo, turo yaranka su tsince roba da ƙarfe ranar Asabar, ni zan kawo tifa Lahadi. Lodi fa, Honorabul?

Kansila: Zan nemo feloda. In ba a samu ba, shebur goma na wurina tun na bara.

Auwalu Mile 12: Ni ina nesa, amma na ɗauki nauyin fiya wata da burodi na masu aiki.

Sale Mahauci: Fiya wata kuma? Ledar fa?

Auwalu Mile 12: To a kawo a jarka. Habu, kofunanka nawa?

Habu Mai Shayi: Goma sha biyu, kuma a ƙirge zan ba da su.